Shirun Ma'aikata: Asarar Da Ba Ta Shiga Littafin Akawu

Duk wanda ya taɓa zama a taron ma'aikata ya san yadda ake tashi. Oga ya gama bayani, ya ɗaga kai ya dubi jama'a, ya ce, "Akwai mai magana?" Sai kowa ya sunkuyar da kai yana duban takardar gabansa. Can wani ya ce, "Yallaɓai, ai ka gama magana." A shafa fatiha a watse. Tun ba a kai bakin ƙofa ba ƙus-ƙus ya fara, kafin a isa teburin mai shayi kuwa taron gaskiya ya buɗe. Wannan ya san kuɗin da aka ware ba za su isa ba, wancan ya san janaretan da za a dogara da shi ya kusa mutuwa, akawu kuwa tun makon jiya ya hango kuskure a lissafi. Duk abin da oga yake buƙatar ji an faɗe shi, amma a bayan idonsa.

Masu binciken harkar gudanarwa sun shafe fiye da shekara arba'in suna bin sawun wannan shiru, daga cikin jiragen sama zuwa asibitoci da masana'antu. Abin da suka yi ta cin karo da shi ɗaya ne: sau da yawa idan aiki ya rushe, akwai wanda ya ga ɓarakar tun da wuri, sai dai bai iya buɗe baki ba, ko ya buɗe ba a saurare shi ba.

Darasin da aka saya da rayuka 583

Ranar 27 ga Maris, 1977, wasu manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na ƙasar Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka, suka yi karo a kan titin tashin jirage na tsibirin Tenerife da ke ƙarƙashin Sifaniya. Mutum 583 suka rasu. Har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai shi cin rayuka ba.

Dalilan suna da yawa. Hazo ya rufe filin, maganganun rediyo sun hau kan juna, kuma an yi amfani da kalmomi masu harshen damo. Amma akwai wani abu da na'urar naɗar murya ta adana wanda ya fi tsaya wa masu bincike a rai. Matuƙin jirgin KLM, Kyaftin Jacob van Zanten, ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne jagoran masu horar da matuƙan wannan samfurin jirgi a kamfanin, har hotonsa ake sawa a talla. Da ya fara gudu domin tashi ba tare da cikakken izini ba, injiniyan jirgin ya tambaya ko jirgin Pan Am ya riga ya sauka daga titin. Kyaftin ya amsa masa da ƙarfi cewa ya sauka. Injiniya bai sake cewa uffan ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi aka yi karon.

Shekara ta gaba, a Disambar 1978, wani jirgin United Airlines ya faɗi kusa da birnin Portland na Amurka saboda mai ya ƙare, alhali kyaftin ya duƙufa kan matsalar tayoyin sauka. Abokan aikinsa sun ambaci batun man, amma cikin sanyin murya, ba yadda za ta girgiza shi ba. Mutum goma suka mutu. Bayan wannan ne hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta shirya taron masana a 1979, kuma a 1981 kamfanin United ya fara wani sabon horo da yanzu ya zama wajibi a harkar jiragen sama. Ana koya wa na ƙasa yadda zai faɗi damuwarsa ƙarara ya kuma maimaita ta, ana koya wa kyaftin yadda zai nemi ra'ayi ya saurara. Ba a rage wa kyaftin iko ba. An dai cire masa damar zama shi kaɗai mai ido a cikin jirgi.

Asibitin da ya fi "kuskure"

A farkon shekarun 1990, wata ɗalibar digirin digirgir a Jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta shiga wani bincike kan kurakuran ba da magani a asibitoci biyu. Zatonta shi ne ɗakunan jinyar da ma'aikatansu suka fi haɗin kai da shugabanci nagari su za su fi ƙarancin kuskure. Da alƙaluma suka fito sai ta ga akasin haka: waɗanda suka fi kyawun aiki tare su suka fi yawan kurakurai a rubuce.

Da aka sake duba yadda ake zama a ɗakunan, sai asiri ya tonu. Ba wai sun fi kowa kuskure ba ne, sun dai fi kowa bayar da rahotonsa. A inda shugabar nas-nas take da sauƙin kai, wadda ta yi kuskure takan faɗa a gyara. A inda ake tsawa da tozarci kuwa, kowa na binne nasa, littafi ya fito fes, marar lafiya ne ke ɗaukar nauyin abin da aka ɓoye. Wannan darasi ne ga duk shugaban da ke alfahari da cewa ba a taɓa kawo masa ƙorafi ba.

Edmondson ta ci gaba da nazari a kan rukunonin ma'aikata 51 a wani kamfanin ƙere-ƙere, ta wallafa sakamakon a 1999. A nan ta fito da ma'anar abin da za mu iya kira amincin buɗe baki: yaƙinin da 'yan rukuni suke da shi cewa wanda ya yi tambaya, ko ya amsa kuskurensa, ko ya kawo ra'ayi dabam, ba za a kunyata shi ko a hukunta shi ba. Rukunonin da suke da wannan aminci sun fi koyo daga aikinsu, kuma sun fi samun sakamako.

Me ya sa mutane ke yin shiru? Lissafin a bayyane yake. Wanda ya yi magana, idan akwai riba ta kamfani ce, kuma sai nan gaba za a gan ta. Idan akwai hasara kuwa tasa ce shi kaɗai, kuma nan take: a ce ya cika iyayi, ko ba shi da kunya, ko yana neman kujerar wani. Wanda ya kame bakinsa ba ya rasa komai a ranar. A wani bincike da Frances Milliken da abokan aikinta na Jami'ar New York suka wallafa a 2003, sun zanta da ma'aikata 40, kashi 85 cikin ɗari suka ce an taɓa samun lokacin da suka kasa gaya wa shugabansu wata matsala da suke ganin tana da muhimmanci.

Daga Google zuwa Toyota

A 2012 kamfanin Google ya ƙaddamar da wani bincike na cikin gida da ya raɗa wa sunan masanin falsafar nan Aristotle. An duba rukunoni 180 domin gano abin da ke sa wani rukuni ya yi fice. An yi zaton sirrin yana cikin haɗa gwanaye wuri guda. Sai aka tarar waɗanda ke cikin rukuni ba su kai yadda suke mu'amala da juna tasiri ba. Cikin abubuwa biyar da aka tantance, amincin buɗe baki ne ya zo kan gaba, sannan cika alƙawari, da fayyace aikin kowa, da jin cewa aikin yana da ma'ana, da ganin tasirinsa. Wannan ya yi daidai da binciken Anita Woolley da abokanta na 2010, wanda ya nuna cewa rukunin da ake raba magana daidai a tsakanin mambobi ya fi warware matsaloli a kan wanda mutum ɗaya ko biyu suka kankane zance.

Kamfanin Toyota na Japan ya daɗe da mayar da wannan fahimta igiya. A masana'antunsa an rataya igiya a saman layin haɗa mota, duk ma'aikacin da ya ga matsala zai ja, shugaban sashe ya garzayo ya taimaka, idan abin bai gyaru ba layin ya tsaya. An gwada wannan tsari a garin Fremont na jihar Kalifoniya, inda kamfanin General Motors ya rufe wata masana'anta a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna wajen rashin ingancin mota da rikicin ma'aikata. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka dawo da akasarin tsofaffin ma'aikatan. Cikin ɗan lokaci motocinta suka shiga sahun mafi inganci a duk masana'antun General Motors. Mutanen su ne dai na da. Abin da ya sauya shi ne yadda ake karɓar maganarsu.

Haka kuma a ɗakin tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takardar tantancewa mai abubuwa 19, ƙarƙashin jagorancin likitan fiɗa Atul Gawande, aka gwada ta a asibitoci takwas na ƙasashe takwas, har da na garin Ifakara a Tanzaniya. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna mace-macen bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin ɗari. Ɗaya daga cikin abubuwan da takardar ta tanada shi ne, kafin a sa wuƙa, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa. Hikimar ita ce bakin da ya buɗe sau ɗaya ya fi sauƙin sake buɗewa idan an ga abin da bai dace ba.

Ina matsayin kunya da ladabi?

Wani zai ce wannan duk zancen Turawa ne, mu an rene mu da girmama na gaba. Gaskiya ne masanin nan ɗan ƙasar Holan, Geert Hofstede, wanda ya yi nazarin ma'aikatan kamfanin IBM a ƙasashe da dama, ya sanya Afirka ta Yamma cikin yankunan da tazara tsakanin shugaba da na ƙasa take da faɗi. Amma a ma'auninsa Holan tana cikin ƙasashen da tazarar ba ta da yawa, kuma ga shi 'yan Holan ne ke cikin jirgin da injiniya ya haɗiye maganarsa. Ashe tsoron oga ba shi da ƙabila.

Sannan ladabi bai taɓa hana faɗin gaskiya ba. Malaman tarihin Musulunci sun kawo cewa a Badar, Hubabu ɗan Munzir ya fara tambayar Manzon Allah (SAW) ko wurin da aka sauka umarni ne daga Allah ko dabarar yaƙi. Da ya ji cewa dabara ce, sai ya ba da shawarar a matsa zuwa ruwan da ya fi kusa da abokan gaba, aka kuwa karɓa. Shawarar haƙa gwalalo a Madina ma daga Salmanul Farisi ta fito. Ga ladabi, ga magana, ga kuma shugaban da ya saurara. Mu ma a gida mun san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yaron shago ya fi maigida sanin kayan da masu saye ke tambaya ba su samu, direba ya fi manaja sanin ƙarar da mota ta fara yi.

Sai dai a kiyaye, amincin buɗe baki ba sakaci ba ne. Edmondson kanta ta sha nanata cewa ba ana nufin a daina bin diddigin aiki ko a riƙa lallaɓa malalaci ba. Inda aka sami aminci babu tsare gida, zaman hira ake yi. Inda aka sami tsanani babu aminci, zaman ɗar-ɗar ake yi. Aiki yana kyau ne idan an haɗa biyun: a sa ma'auni mai tsauri, a kuma bambanta wanda ya yi kuskure yana ƙoƙari da wanda ya yi ganganci ko ha'inci.

Nauyin farko a wuyan shugaba yake, domin shi ne mai iko. Ya daina fara bayyana ra'ayinsa a taro, domin da zarar ya yi, saura sai amin. Ya bar tambayar "akwai mai magana?" ya koma kiran mutum da sunansa: "Malam Akawu, a ina kake ganin wannan shiri zai iya ba mu matsala?" Ya riƙa amsa nasa kuskuren a gaban jama'a. Mafi muhimmanci, ya kula da fuskarsa a ranar da aka kawo masa labari marar daɗi, domin duk ma'aikata suna kallo, kuma abin da ya sami mutum na farko shi zai yanke ko za a sami na biyu. Shi kuma ma'aikaci ya zaɓi lokaci, ya zo da hujja, ya yi magana a kan aiki ba a kan mutum ba, idan abin ya shafi rai ko dukiyar jama'a ya maimaita har sai an ji.

Saboda haka, ranka ya daɗe, idan ka gama jawabi a taron gobe ka ga kowa ya yi tsit, kada ka ɗauka an gamsu. Ka tsayar da taron, ka tambayi mafi ƙanƙanta a ɗakin abin da ya gani, kuma ka bari ya kai aya kafin ka amsa.