Daga Bande zuwa gidan tarihi: aikin da matasa ba su cika jin labarinsa ba

A Bande, kan hanyar Damagaram zuwa Magaria, ɗakin tsohuwa ba ya rasa abin kallo: sassaƙaƙƙiyar ƙwarya, zanen saƙi, akushi, wani lokaci har da sirdin kakanni. Masu gida na ganinsu tarkace. A gidan tarihi kuwa akwai ma'aikacin da albashinsa ya rataya a kan sanin irin waɗannan kaya, wanda a takardun gwamnatin Nijar ake kira conservateur.

Jera kaya a bayan gilashi shi ne ƙaramin ɓangaren aikinsa. Babban aikin rajista ne: kowane abu a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa, a rubuta wanda ya yi shi, garin da ya fito da hanyar da ya shigo hannu. Sannan ga faɗa da gara, ƙurar hunturu da laimar damina. Ƙwaryar da ba a rubuta asalinta ba, ko an sace ta an gan ta a kasuwar Turai, babu hujjar da za a karɓo ta da ita.

Nijar ta ɗanɗana wannan. A 1983 masanin tono kayan tarihi Boubé Gado ya haƙo mutum-mutumin yumɓu a Bura, yankin Tera. Bayan an baje kolinsu a Faransa a shekarun 1990, sai dillalai suka farga da darajarsu, masu haƙar sata suka afka wa wuraren. Dokar kare kayan gado ta 1997 ta zo ne ɓarna na tsaka, kuma a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke fuskantar wawura.

To ta ina ɗan Bande zai bi? Hanyar doguwa ce, kuma yawancinta nesa da gida. Bayan jarrabawar bak, akasari ana farawa da karatun tarihi ko ilimin tono kayan tarihi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Ƙwarewa a kan aikin kansa sai an tsallaka iyaka: Makarantar Kayan Gadon Afirka da aka buɗe a Porto-Novo ta ƙasar Benin a 1998, ko Jami'ar Senghor a Iskandariya ta Masar. Mai jin Ingilishi yana iya duba cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi da ke Jos.

Guraben aiki dai kaɗan ne, kada a ruɗi kowa. Babban wurin shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa na Boubou Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959 ƙarƙashin Pablo Toucet, inda kayan al'ada, ƙasusuwan dinoso, namun daji da masu sana'ar hannu ke zaune a fili guda. Damagaram ma tana da nata gidan tarihin, ga fadar Sultan.

Sai dai tun da Faransa ta mayar wa Benin kayan masarautar Abomey 26 a 2021, ana ta tambayar wa zai kula da kaya idan sun dawo. A nan ɗan karkara yana da abin da takardar digiri ba ta bayarwa: ya san yadda ake gaida tsohuwa har ta faɗi sunan zanen da ke jikin ƙwaryarta, da wanda ya sassaƙa mata ita lokacin aurenta. Wannan rajistar, da wayar hannu da littafin rubutu ana iya fara ta tun daga lise.