Wa Ke Ɗanɗana Miyar Kunne?

A da, waƙa a gidanmu kamar tuwon dare take: akushi ɗaya, hannuwa da yawa. Rediyo na rataye a ƙusa, Shata na ta zuba, kowa na ji, daga kaka har mai rarrafe. In waƙa ta fara karkata, Baba ya miƙa hannu ya murɗa, an ɗauke kwano ke nan. Yanzu kuwa kowane yaro da ɗan kwanonsa a aljihu, ya toshe kunne da iyafis yana gyaɗa kai kamar ƙadangare a kan katanga. Kana ganin yana haɗiya, ba ka san me aka zuba masa ba.

Ba a kanmu aka fara wannan ciwon kai ba. A Amurka, Tipper Gore, matar Sanata Al Gore a wancan lokacin, ta sayo wa 'yarta 'yar shekara 11 faifan Purple Rain na Prince, sai ga wata waƙa a ciki da ko ƙawayen amarya ba za su rera gaban surukai ba. A 1985 ita da wasu matan manya suka kafa ƙungiya, magana ta kai majalisar dattawa, mawaƙa irin su Frank Zappa da John Denver suka zo kare sana'arsu. Daga ƙarshe kamfanoni suka yarda su riƙa manna gargaɗi a jikin faifai, wanda a 1990 ya zama tambarin nan mai baƙi da fari. Kamar mai yaji ce ta ɗaura jan ƙyalle a ƙullin da ya fi zafi. To, yaron da ke son a san ya girma, wane ƙulli kake jin zai ɗauka?

Jikan wancan tambari shi ne ɗan harafin E da ke gefen waƙa a Spotify da Apple Music, kuma akwai inda za ka danna waya ta ƙi kunna irinsu. Rariya ce, kuma tana da amfaninta. Sai dai rariya tsakuwa take kamawa, ba ta tace gishirin da ya narke. Mawaƙin Hausa kuwa ba ya bukatar ashar, da habaici zai gama da kai. Zancen goro yake yi, ko na mangwaro, manya na sunkuyar da kai, na'ura na ba shi hanya. Ga shi mai waƙar ne ko kamfaninsa ke sa alamar, wato mai nono ce za ta faɗa maka ko ta ƙara ruwa. Kano ma tana da babbar rariyarta tun 2001, Hukumar Tace Fina-finai, amma abin da ya shigo ta TikTok ta kan katanga ya diro.

Wayar kanta kuma mai shayin bakin layi ce. Ka nemi ƙarin siga sau biyu, gobe tun kafin ka zauna ya zuba cokali uku. Yaro ya saurari waƙa ɗaya, sai ta jero masa 'yan uwanta har asuba. Ka yanke masa data, abokinsa ya tura masa ta Bluetooth, kamar maƙwabciya ta miƙo miya ta zaure.

Rannan sai na yi abin da uwar gida ke yi wa tukunya. Na zauna kusa da 'yata, na ce, "Ara mini kunne ɗaya." Ta miƙo a sanyaye. Waƙa biyu lafiya lau, har ina taka ƙafa. A ta uku na ga yatsanta ya nufi allon waya da sauri.

"Bar ta mana, me yake cewa a nan?"

Ta kalli tabarma. "Baba, kiɗan kawai nake ji."

Na ce mu maimaita wurin, ta fassara mini. Ta ce ita dai ta ji kamar Inna na kiranta a kicin, ta tashi ta bar ni da iyafis ɗin yana reto a kunne.