DUNƘULEN KWAKWA DA LEMUN TSAMI: ƘWALAMAR YARA BA TARE DA SUKARI BA

Ko'ina muka zaga cikin ƙauyukanmu a yau, da wuya a rasa mai tebur a ƙofar makaranta, ya jera alewa da biskit da cingam da lemun kwalba. Kuɗin tara da uwa ta ƙulle wa ɗanta da safe, a nan yake ƙarewa. Yaro ya tsotsi zaƙi, cikinsa bai ɗauki komai ba, ya dawo gida ya ture tuwo. Bayan 'yan shekaru sai a ji shi yana kuka da dare, haƙori ya yi rami. Likitan haƙori kuwa yana can birni, ga kuɗin mota, ga kuɗin cirewa.

Hana yaro ƙwalama ba shi yiwuwa. Mu ma da muke manya, da dakuwa da ƙantu da alewar madara muka tashi. Abin da ke hannun iyaye shi ne su san yawan zaƙin da ke shiga bakin ɗansu. Wanda ya saya a tebur bai san abin da aka zuba ciki ba, amma uwar da ta yi da hannunta ta ƙirga. Saboda haka a wannan fitowa muka kawo muku yadda ake yin dunƙulen kwakwa da lemun tsami, wanda ba a sa masa ko ƙwayar sukari guda.

SUKARI NAWA NE YA ISA?

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa cikin ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke samu a yini. In ya sauka ƙasa da kashi 5, ya fi kyau. Ga babban mutum, kashi 5 ɗin nan wajen giram 25 ke nan, watau cokalin shayi 6. Rabon yaro bai kai haka ba. To, lemun kwalba guda mai cikakken zaƙi, mai santilita 35, yakan ɗauki cokali 8 ko 9. Ashe yaron da ya shanye kwalba ɗaya ya riga ya wuce rabon ubansa na yini.

Kada a ce ai zuma da mazarƙwaila ba sukari ba ne. A wannan lissafi duk ɗaya suke, har da ruwan rake da matsattsen ruwan 'ya'yan itatuwa.

Ga yadda sukari ke ɓata haƙori. Akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi a bakin kowa, ido ba ya ganinsu. Sukari ne abincinsu. In sun ci sai su fitar da wani tsami da ke cinye farin ɓawon haƙori kaɗan kaɗan, har rami ya buɗe. Yaron da ke tsotsar alewa tun safe har yamma, bakinsa ba ya hutawa daga wannan tsami. Ban da haƙori, yawan shan kayan zaƙi yana kawo ƙiba, ƙiba kuwa tana cikin manyan hanyoyin da ciwon sukari ke bi ya kama mutum in ya girma. Rigakafi ya fi magani.

BA BAƘON ABU BA NE

A ƙasashe irin su Ostareliya da Ingila da Amurka, iyaye sukan yi irin wannan dunƙule da busasshiyar kwakwa ta leda, da kashu, su niƙa da injin lantarki. Amma duk wanda ya san dakuwa ya san aikin. Turmi da taɓarya sun isa. Kayan ma duk suna kasuwarmu: kwakwa tana zuwa daga Kudu, daga wurare irin su Badagiri a bakin teku, dabino yana zuwa daga ƙasar Agadas a Nijar, ana kuma nomansa a Dutse ta Jihar Jigawa. Gyaɗa tana rumbu. Lemun tsami yana lambu.

Kowane ɗayansu da aikinsa. Kwakwa da gyaɗa su ne masu riƙe ciki, domin suna da mai, gyaɗa kuma tana cikin abinci mai gina jiki. Dabino shi ke ba da zaƙi, shi ne kuma ke haɗa dunƙulen kada ya warwatse. Lemun tsami shi ke sa baki ya gamsu da ɗan zaƙin da ke ciki. A nan akwai abin lura: ƙanshin yana cikin ɓawon lemun, ba cikin ruwansa ba. Wanda ya cika ruwan lemu, tsami zai yi yawa, sai ya ga dole ya ƙara zaƙi. Ɓawon ne ya kamata a dogara da shi, ruwan kuwa kaɗan ya isa.

KAYAN DA ZA A TANADA

Awonmu shi ne ƙaramin gwangwanin madara na ruwa, wanda kowane gida ke da shi.

Kwakwa 1 matsakaiciya, wadda za ta ba da gwangwani 2 da rabi bayan an goga an soya
Soyayyar gyaɗa marar gishiri, an murje ɓawon, gwangwani 1
Dabino 15
Babban lemun tsami 1, irin mai kaurin ɓawo, ko ƙanana 2
Gishiri ɗan kaɗan, abin da yatsu biyu za su ɗauka

Wajen sayen kwakwa, ku girgiza ta kusa da kunne. In kun ji ruwa yana motsi sosai, mai kyau ce. Ku duba idanunta uku, su kasance a bushe, babu fumfuna, jikinta kuma babu tsaga. Gyaɗa kuwa a zauna a tsince ta da kyau. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ko ta yamutse, ko ta canza launi, a zubar, kada a ba kaji ma. Irin wannan fumfuna tana haifar da dafi mai lahani ga hanta, suya kuma ba ta kashe shi. A Ingila a shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu saboda ƙuli-ƙulin dabbobi da aka yi da irin wannan gyaɗa, daga nan ne masana suka gano dafin.

YADDA AKE YI

1. A wanke hannu da sabulu. A wanke turmi da taɓarya, a shanya su bushe. Turmin da aka saba daka barkono ko daddawa a ciki ba zai yi ba, domin kwakwa tana saurin ɗaukar wari.

2. A tsaga kowane dabino, a cire ƙwallon, a duba ciki ko da tsutsa. A wanke, a jiƙa cikin ruwan da aka tafasa ya ɗan huce. Busasshen dabino yana bukatar kamar awa 1, mai taushi kuwa minti 15 ya isa. In ya yi laushi a tsame, a ajiye ruwan jiƙon a gefe.

3. A fasa kwakwa, a ba yara ruwan su sha. In naman ya ƙi rabuwa da ƙoƙon, a ɗan kara shi kusa da wuta, zai saki. A wanke, a goga da magogi irin na kuɓewa, ta wajen ƙananan ramuka.

4. A zuba gogaggiyar kwakwa cikin kasko ba tare da mai ba, a kan wuta marar ƙarfi. A riƙa juyawa ba tsayawa har ta bushe, ta soma ƙanshi, ta ɗan yi ruwan ƙasa. Wajen minti 15 ke nan. Kada a tsallake wannan mataki, gama ɗanyar kwakwa ba ta daɗewa a zafin ƙasarmu. A juye a faranti ta huce, a ɗebe rabin gwangwani a ajiye.

5. A wanke lemun tsami sosai. A goga bayansa a hankali, a ɗauki fatar sama kaɗai, kore ko rawaya. Farin da ke ƙarƙashi ɗaci gare shi, kada a taɓa. Cikin cokalin shayi 1 ya isa. Sa'an nan a yanka lemun, a matse ruwan, a tace 'ya'yan.

6. A daka gyaɗa har ta soma fitar da mai tana kama jikin turmi. A zuba dabino, a ci gaba da daka har su zama abu ɗaya. A zuba kwakwa gwangwani 2, da gogaggen ɓawon lemu, da gishiri, da ruwan lemu babban cokali 2. A kirɓa.

7. A ɗebi kaɗan a matse a tafin hannu. In ya kama, ya yi. In yana warwatsewa, a ƙara ruwan jiƙon dabino cokali guda, a sake kirɓawa. In ya yi ruwa, a ƙara kwakwa.

8. A cura ƙanana ƙanana, girman goro, a mirgina su cikin kwakwar da aka ajiye. Za a sami wajen 20. A jera a faranti, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a bar su awa 1 a wuri mai sanyi su yi ƙarfi.

BARI MU YI LISSAFI

Gaskiya ɗaya ce: dabino ma zaƙinsa sukari ne. Wajen kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne. Amma dabino 15 da aka raba cikin dunƙule 20, in an haɗa da ɗan zaƙin kwakwa, kowane dunƙule bai wuce kamar cokalin shayi 1 ba. Yaron da ya ci 2 ya sami wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke cikin lemun kwalba guda. Kuma zaƙin bai zo shi kaɗai ba. Ya zo tare da gyaɗa da kwakwa, da dusar abinci, watau ɓangaren nan da ciki ba ya narkarwa, wanda ke sa bayan gida ya zo da sauƙi. Shi ya sa yaro yakan ji ya ci wani abu.

Saboda haka kada a ƙara dabino wai don yara su fi so. In bakinsu ya saba da alewa, ran farko za su ce bai ji zaƙi ba. Ku yi haƙuri da su, harshe yana sabo. Sannu ba ta hana zuwa.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Dunƙule 2 sun ishi yaro a yini, babba 2 ko 3. Kwakwa tana da mai da yawa, kashi ɗaya cikin uku na namanta mai ne, don haka ba abin cika ciki ba ne.

Dabino yana manne wa haƙori kamar alewa. Ya fi kyau a ci dunƙulen a zama ɗaya, tare da abinci ko bayansa, a kurkure baki da ruwa. Da dare kuma a goge haƙora da buroshi da man goge baki, ko da asuwaki.

Mai ciwon sukari kada ya ɗauka wannan magani ne, ko kuwa ya sami izinin ci yadda ya ga dama. Ya tambayi ma'aikacin lafiya da ke duba shi tukuna. Haka kuma ɗan lemun da ke ciki don ɗanɗano ne. Mai son amfanin lemu ga jiki, sai ya sha lemun kansa.

Ƙaramin yaro da bai iya tauna sosai ba, a marmasa masa, a zauna kusa da shi har ya gama, kada ya shaƙe. Jaririn da bai cika shekara 1 ba kada a ba shi zuma ko kaɗan, ko a cikin wannan ko a cikin wani abu. Yaron da gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi, ko kumburin leɓe, ko wahalar numfashi, a yi masa da soyayyen riɗi ko garin aya maimakon gyaɗa.

A ajiye cikin kwano mai murfi, a inuwa. Inda babu firiji a cinye cikin kwana 2, da hunturu kwana 3. A firiji yakan kai mako guda. In ya canza wari, ko ya yi yauƙi, ko fumfuna ta fito, a zubar duka. Gara a yi kaɗan sau biyu a mako da a yi da yawa ya lalace.

IN WANI ABU YA YANKE

Lokacin da lemun tsami ya yi wuya, garin 'ya'yan kuka babban cokali 1 zai ba da tsami mai daɗi. Mai son ɗan yaji ya sa garin citta a bakin cokali. In kwakwa ta yi tsada, a rage ta zuwa gwangwani 1, a cike da garin soyayyen gero. In kuwa kwakwa guda ta fi ƙarfin gida ɗaya, maƙwabta biyu ko uku su haɗa kuɗi, su yi tare su raba.

Muna roƙon iyaye maza su ma su sa hannu. Ran kasuwa, maimakon ledar alewa ta tsaraba, a riƙo kwakwa guda da ɗan dabino. Uwargida kuma ta ƙunsa wa kowane yaro dunƙule 2 ya tafi da su makaranta. Ku gwada a wannan mako, gani ya kori ji. Wadda ta sami wata dabara da ta ƙara masa kyau, ta aiko mana, za mu buga domin sauran 'yan'uwa su amfana.