Kantin Da Ke Zuwa Gida Ta Gidan Waya

A ƙasar Amurka, shekaru da yawa, in kaka ta yi, ba abin da yara ke ɗoki kamar isowar wani littafi ta gidan waya. Littafin kuwa ba na karatu ba ne, na kayan sayarwa ne, kowane da hotonsa da kuɗinsa. Mutanen gida su kan kewaye shi da dare, kowa na nuna abin da ya ke so a saya masa na bikin Kirsimati.

Asalin wannan ciniki a can, wani ɗan kasuwa ne a birnin Cikago, Aaron Montgomery Ward. Cikin 1872 ya buga takarda falle ɗaya mai jerin kaya 163, ya rarraba wa manoma. Daga baya kamfanin Sears ya shiga, har ya fi shi ƙarfi. Gwamnati ma ta taimaka, gama cikin 1896 aka soma kai wasiƙu ƙauyuka har ƙofar gida, cikin 1913 kuma gidan waya ya soma ɗaukar manyan ƙunshe-ƙunshe. Sa'an nan cikin 1933 Sears suka fitar da littafi na musamman domin Kirsimati, cike da 'yan tsana da jiragen ƙasa na wasa da alewa, har da kanari mai rai.

To, abin da mu ke so masu karatu su lura da shi, shi ne adalcin da ke cikin wannan hanya. Dā manomin da ke nesa da birni ba shi da zaɓi sai kanti guda, kuɗin da mai kanti ya yanka shi ke nan. Baƙaƙen fata na kudancin ƙasar kuwa sun fi kowa shan wuya, don a kan bar su tsaye sai an sallami Turawa tukuna. Amma littafi bai san fuskar mai saye ba. Kuɗi ɗaya ne ga kowa, wanda ya aika da oda a aiko masa.

Duk da haka ba mu ce ba shi da aibi ba. Mai zane ya san aikinsa, hoto kan fi kayan kyau, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. Mai albashi ya kan buɗe littafi don riga ɗaya, ya rufe da bashin wata uku.

Sears sun daina buga babban littafinsu cikin 1993, yanzu hotunan sun koma cikin wayar hannu. Amma dabarar ba ta sāke ba. Saboda haka shawararmu ga malamai da akawuna ita ce, in biki ya gabato, mutum ya fara rubuta sunayen waɗanda zai yi wa alheri da abin da aljihunsa zai ɗauka, kana ya duba hoto. Allah ya sa mu dace.