Ciwon Ƙirji Mai Zuwa da Fargaba: Gane Shi da Hanyar Samun Sauƙi

Akwai wani ciwon ƙirji da ba ya sallama. Mutum na zaune a shagonsa a Kasuwar Kure da ke Minna, ko yana kwance bayan sallar isha'i, sai gabansa ya faɗi ras, zuciya ta shiga dukan uku-uku, ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun masara, numfashi ya gagara, gumi ya karyo. A lokacin ba abin da ke zuwa masa a rai sai mutuwa. Can anjima abin ya lafa, ya bar shi da kasala da tsoron ranar da zai dawo. Wasu su ce olsa ce, wasu su ce sammu ne ko iska. Sau da yawa kuwa damuwa ce ta taru har ta fito ta jiki.

Wannan ba abin mamaki ba ne a Jihar Neja. Ba a manta da sace ɗaliban Kagara a Fabrairun 2021 ba, da na Islamiyyar Salihu Tanko ta Tegina a watan Mayun shekarar. Iyalai da yawa daga Shiroro, Rafi da Munya sun baro gonakinsu, wasu na sansanoni, wasu na raɓe a gidajen 'yan'uwa a cikin Minna. Ga tsadar abinci, ga kuɗin haya, ga ɗalibin jami'a da jarrabawa ta hana barci a Gidan Kwano. Ba a Neja kaɗai ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba a duniya.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, na gaske ne ko na tunani, sai jiki ya saki sinadarin adirenalin don shirin gudu ko faɗa. Bugun zuciya ya ƙaru, naman da ke tsakanin haƙarƙari ya ɗaure, numfashi ya koma gajere da sauri. Wannan haki yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, shi ya sa ake jin jiri, yatsu da leɓɓa su riƙa yin tsam-tsam. Mutum ya ƙara firgita, firgitar ta ƙara ciwon. Yawanci abin kan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya fara sauka. Ciwon na gaske ne, ba raki ba ne, ba kuma raunin imani ba.

Amma a nan ake so a yi hattara: kada kowa ya yanke wa kansa hukunci cewa fargaba ce kawai. Idan karon farko ne, ko ciwon na miƙewa zuwa hannu, muƙamuƙi ko baya, ko ya zo da amai ko suma, ko yana tasowa lokacin hawan bene ko aikin ƙarfi, ko ya ƙi lafawa, a garzaya asibiti nan take. Masu hawan jini, masu ciwon suga, masu shan taba da waɗanda suka manyanta su ne suka fi bukatar gaggawa. Babban Asibitin Minna da Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga suna nan. A nemi likita ya auna jini, ya duba bugun zuciya da gwajin ECG.

In likita ya tabbatar zuciya lafiya lau take, to ga abin yi idan ciwon ya taso. A zauna, a sassauta tufafi, a ɗora hannu a ciki. A ja numfashi ta hanci a hankali ana ƙirga huɗu har cikin ya ɗago, a sake shi ta baki ana ƙirga shida, a yi ta maimaitawa. A wanke fuska da ruwan sanyi ko a yi alwala. Zikiri ko addu'a a tsanake suna saita numfashi, su kwantar da hankali. Wanda ke kusa kuma ya daina salati da ƙarfi da tara jama'a. Ya riƙe hannun mai ciwon, ya ce masa zai wuce.

Don hana shi dawowa, a rage goro, shayi mai kauri, Nescafé da lemukan ƙarin kuzari, domin dukkansu suna zaburar da zuciya. A samu isasshen barci, a riƙa tattaki da safe ko bayan la'asar, a rage kallon bidiyon kashe-kashe a waya da daddare. A guji sayen ƙwayar barci ko tiramadol a kemis ba da takardar likita ba, don sabo da su wata cutar ce daban.

Idan abin ya yawaita har yana hana kasuwa, makaranta ko barci, a nemi likita ya tura mutum wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Suna da magani, suna da zaman tattaunawa da ke koya wa mutum sarrafa tsoronsa, kuma ana warkewa. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Mai ɓoye ciwonsa shi ke wahala. Don haka, ɗan'uwa, in ƙirjinka ya fara irin wannan, ka fara da asibiti, sannan ka faɗa wa wanda ka amince da shi abin da ke cin ranka.