Ribar Mai Tattara Tarihin Baka a Ƙasar Mafara

Tattara tarihin baka aiki ne na haƙuri, domin dattijo ba ya isa ga magana sai ya biyo ta kan kakanninsa. Amma a cikin wannan zagaye ribar take. Alal misali, takardu sun nuna an kammala madatsar ruwan Bakolori a 1978, kuma 'yan sanda sun buɗe wa manoma wuta a 1980. To, sai an zauna da tsofaffin Maradun da Talata Mafara ake jin sunayen gonakin da ruwa ya ci, da na mutanen da ba su komo gida ba. Na Bakura kuwa, zancensu fadama ne, wadda ta daina cika da damina. Manazarci yakan je baƙo, ya tashi ana ce masa ɗanmu.