Gajiyar Matuƙa Jirgin Sama da Farashin Tikiti

Ɗan kasuwar da ya baro GRA ta Gombe zuwa filin jirgin sama na Lawanti yakan fusata idan an jinkirta tashi domin matuƙa su huta. Sai dai ƙarancin barci yana rage kaifin tunani da lura da kuskure.

A 2004, jirgin dakon kaya na MK Airlines, mai rajistar Gana, ya faɗi a Halifaks ta Kanada, mutum 7 suka rasu. Masu bincike sun sa gajiya cikin abubuwan da suka jawo kuskuren lissafin nauyin jirgin.

Don haka ne doka ke ƙayyade sa'o'in tuƙi, hukumar NCAA kuma ke sa ido a Nijeriya. Wannan yana tilasta wa kamfani ɗaukar ƙarin matuƙa, albashinsu kuwa ya shiga kuɗin tikiti. A nan ma, araha ba ta ado.